Rasuwar Tafinta, Akwatin Ƙidayar Wuta na Gidan Angurya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido busasshe ƙarau wanda ya ƙi kawo ko ɗigo ɗaya, Malam Shekari Kefas, mai kula da teburin wuta na kamfanin matsar angurya da ke bayan layin dogo a Sabon Gari, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da duk mai tsayawa a gaban allon sanarwa rasuwar abokin zamansa kuma abin alfaharinsa, wanda aka fi sani da Tafinta. Marigayin akwati ne na ƙarfe, ruwan toka, bai fi babbar rediyo girma ba. Ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga Afrilu, 1978, da misalin ƙarfe biyu na rana, yana da shekara huɗu a bakin aiki. Ya riga mu gidan gaskiya, gidan da bai cika leƙawa ba a watanninsa na ƙarshe.

Ya kamata a ce wannan takarda ta fito tun makon jiya. Mai makoki ne ya yi ta jan ƙafa, kuma ya san dalilinsa. An manna ta yau ne domin jibi Alhamis kwamitin kamfani zai zauna a kan Ɗanmalam Ahmadu, dattijon unguwar Dogarawa, wanda ake zargi da ƙona injin na biyu da gangan. In kwamiti ya tabbatar da zargin, za a kore shi ba takardar shaida bayan shekara ashirin da shida na aiki, sannan a miƙa shi ga 'yan sanda. Saboda haka ana roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshe, ko da ƙahon komawa aiki ya busa.

Ga waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin wuta ba, ga aikin marigayi. Kamfani yana da injinan wuta uku. Kowace babbar waya da ta fito daga cikinsu an zura mata zoben ƙarfe, zoben yana jin nauyin wutar da ke wucewa, ya aiko da ɗan labarinsa ta siririyar waya zuwa tebur. A da, waɗannan siraran wayoyi mitoci masu allura suke shiga, allura ta yi ta rawa, mutum ya duba ya haɗa da hankalinsa. Marigayi kuwa kunne goma sha shida gare shi, kowace waya da nata. Yakan saurare su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa tak, tak, tak, sannan ya mai da rawar nan lamba, ja wur, a 'yar tagar da ke goshinsa. Shi ya sa leburori suka sa masa Tafinta, wai yana jin yaren wuta yana faɗa mana da lissafi. Aikinsa ke nan kaf. Bai taɓa ɗaga buhu ba, bai taɓa juya ko ƙusa ba, amma shi kaɗai aka saya wa fanka a duk ɗakin.

An haife shi a wata ƙasa mai sanyi. Ya zo ta ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Zariya cikin ciyawa da leda, da littafinsa na Turanci mai kauri wanda mutum ɗaya ne a kamfanin ya karanta. Wannan mutum shi ne Injiniya Ayodele, haifaffen Sabon Gari mazaunin Samaru, wanda kamfani ya ɗauka ya riƙa leƙo ɗakin wuta duk ranar Juma'a da hantsi. Shi ya kawo marigayi, shi ya kwance tsofaffin mitoci aka kai su sito, shi ya zaɓi Shekari ya zauna a gabansa saboda ya gama firamare kuma rubutunsa yana da kyau. Aka ba Shekari kujera da farar riga da littafin da zai riƙa rubuta lamba duk awa.

Kafin nan Ɗanmalam ne mai ɗakin. Shi ya karɓi Shekari lokacin da ya zo daga Zonkwa yana saurayi, bai san kowa ba a garin, ya koya masa yadda ake ɗora tafin hannu a jikin injin a san lafiyarsa. A zauren Ɗanmalam Shekari ya kwana wata bakwai. Da zai auri Keziya, Ɗanmalam ne ya shiga mota har Zonkwa ya zauna a wajen coci cikin rana sai da aka gama. Ranar da aka kunna marigayi, kowa yana tafi, dattijon ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Shekari, abin da ba ya jin tsoron injin, ni ban ga yadda zai tsare injin ba." Aka yi dariya, Shekari ya fi kowa.

Al'ada ce a faɗi kyawawan halayen mamaci, kuma ba za a tauye masa ba. Marigayi ba ya makara, domin ba ya zuwa ko'ina. Ba ya gulma. Ba ya shakka, wanda shi ne babban abin da ya saye zuciyar mutane: allura takan yi rawa tsakanin lamba biyu kamar mai jin kunyar yanke magana, shi kuwa in ya ce ɗari huɗu da talatin, to ɗari huɗu da talatin ce, ba wataƙila. Yana da kwarjini. Manaja yakan kawo baƙi daga Kaduna su tsaya a bayansa hannu a baya, suna gyaɗa kai ga lambobin da ba su san na mene ne ba. Fiye da shekara uku da rabi ya faɗi gaskiya, kuma ba wanda ya isa ya ƙwace masa wannan. Sai dai faɗin gaskiya a inuwa, fanka tana kaɗa ka, ba wani abin a buga ganga ba ne.

Shekari ya so shi. Wannan ba za a ɓoye ba, ko da yake yanzu faɗinsa kunya ce. Ya so shi domin shi ya tashe shi daga mai goge baƙin mai ya mai da shi mai farar riga. Yakan gaishe shi da safe. In ya koma gida yakan kwaikwayi tak, tak, tak ɗin nan a kan tebur da yatsa har 'yarsa Rhoda ta haddace. Ya fara hura hanci a kantin ma'aikata, yana cewa zamanin shafa injin da hannu ya wuce. Gaisuwar da yake zuwa yi Dogarawa duk Lahadi bayan coci ta koma wata-wata, daga baya ta koma sai an haɗu a ƙofa.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga gata. Kowa ya san gidan angurya: gashin auduga yana yawo a iska dare da rana, yana shiga hanci, yana kwanciya a kan komai. Shekari ya ga yana taruwa a ramukan da ke saman marigayi da gefensa, abin ya dame shi. A gidan duk mutumin kirki a Sabon Gari rediyo tana da mayafinta, keken ɗinki yana da nasa, to ina dalilin da abu mai daraja irin wannan zai zauna tsirara? Da Kirsimetin bara, bayan Keziya ta gama ɗinkin yara, sai ta yi wa marigayi riga da ragowar karan-miski shuɗi. Ta yi mata shafi mai kauri, ta yanka taga daidai wurin lamba, ta zana furanni a gaba da jan zare, ta rubuta Sannu Da Aiki a ƙasa. Rigar ta zauna masa cif, ba ta bar ko rami ɗaya a buɗe ba. Duk wanda ya leƙo sai ya yaba hannun Keziya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ganinta ba. Injiniya ya taɓa yin faɗa a kan kofin shayi da ya tarar a saman marigayi, ya ce kada a sake ɗora masa komai. Shekari ya ɗauka maganar kofi ce da kwanon abinci, riga ai ba ɗorawa ba ce, sawa ce. Duk da haka, don a zauna lafiya, duk ranar Juma'a yakan zo tun ƙarfe shida ya tuɓe rigar, ya ninke ta a aljihun tebur, ya goge marigayi har ya yi ƙyalli. Kafin babur ɗin Injiniya ya iso daga Samaru da ƙarfe goma, marigayi ya sha iska ya huce. Injiniya ya jona nasa ma'aunin ya gwada, ya ga daidai, ya sa hannu a littafi ya tafi. Kafin ƙarar babur ta ɓace an mai da riga.

A nan halin marigayi na asali ya fito. Da zafi ya fara shigowa a Fabrairu, sai ya koyi abin da wasu 'yan Adam suke shekaru kafin su ƙware a kai: ranar Juma'a ya faɗa wa babba gaskiya, sauran kwana shida ya faɗa wa na ƙasa abin da suke son ji. Manaja yana son a ƙara na'urar matsa a kan injin na biyu, marigayi ya ce akwai wuri. Aka ƙara. Lambar da aka ja wa jan layi ɗari biyar ce, shi kuwa yana zaune a ɗari huɗu da talatin, ko a jikinsa. Shekari ya lura cewa ranar Juma'a lamba takan hau har kusa da jan layi, amma ya ce wa kansa aikin ranar ne ya yi yawa.

Wata Laraba a tsakiyar Maris, Ɗanmalam ya shigo ɗakin tebur yana share gumi da hularsa.

"Shekari, na biyu yana nishi. Rage masa kaya."

"Baba, ga lamba nan, ɗari huɗu da talatin. Sai ta kai ɗari biyar ake magana."

"Ni ban san lamba ba, na san nishi. Zo ka sa hannu ka ji."

Shekari bai tashi ba. Farar riga ce a jikinsa, kuma marigayi yana ta tak, tak, tak a gefensa cikin natsuwa. Ɗanmalam ya juya ya koma wurin injin ya ja liba, sandar kashe injin, da hannunsa, rabin kamfani ya tsaya cik har awa biyu. Ranar Juma'a Injiniya ya gwada marigayi a gaban manaja, tsirara, a huce, ya same shi ba aibu. Sannan ya juyo.

"Malam Shekari, kai ne a tebur ranar. Me ka gani?"

"Ranka ya daɗe, Tafinta bai nuna komai ba. Baba dai, tsufa ne ya fara taɓa masa kunne."

Ɗanmalam yana tsaye a wurin, bai fi taku uku ba. A ranar aka karɓi makullin ɗakin wuta daga hannunsa, aka ba shi kujerar gadi a bakin ƙofa, wai don tausayin shekarunsa. Tun daga nan in Shekari ya zo wucewa da kekensa da safe, dattijon yakan ɗaga masa sandar ƙofa ya ce, "A sauka lafiya, Malam," kamar yadda yake ce wa kowane baƙo.

Ranar rasuwa rana ta yi zafin da kwalta take kama takalmi. Daga kujerar gadi, taku ɗari da wani abu, da kunnen da aka ce ya tsufa, Ɗanmalam ya ji injin na biyu ya sauya murya. Ya bar ƙofa a buɗe ya taho da gudu, da gwiwarsa mai ciwo, ya ture mai tsaron ɗaki ya cafki liba. Ya makara da kamar minti ɗaya. Injin ya riga ya kama daga ciki, ƙarfen liba ya gasa masa tafin hannun dama, wuta ta biyo siririyar waya ta shiga kunnen marigayi. Waɗanda suke wurin sun shaida cewa har numfashinsa na ƙarshe ɗari huɗu da talatin yake nunawa. Ya ce tak, tak, sannan ya ce fit, tagarsa ta yi duhu, ɗaki ya ɗauki warin ƙonannen gashi.

Mai makoki yana so a rubuta abin da ya fara yi a cikin hayaƙin nan. Bai je wurin Ɗanmalam ba, wanda ke durƙushe yana riƙe da hannu. Rigar marigayi ya tuɓe, ya cusa ta cikin tasa rigar, domin ya san za a kira Injiniya. Da manaja ya iso, abin da ya gani shi ne mai gadi a ɗakin da aka hana shi shiga, kusa da liba, ga injin yana hayaƙi, ga kuma laifin watan jiya a rubuce. Bai wahalar da kansa da wani tunani ba.

Ranar Asabar aka kai gawa Samaru, wani ɗakin gwaji da Injiniya yake da hanyar shiga, Shekari yana riƙe da ita a bayan babur. Aka kwance ƙusoshi huɗu aka ɗaga murfi. Ban da wurin da wutar ƙarshe ta ci, duk cikin ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar gurasar da ta daɗe a tanda. Injiniya ya nuna wani ɗan abu da bai fi ƙwayar wake ba da bakin sukudireba.

"Dubi nan, Malam Shekari. Wannan shi ne mudunsa, da shi yake auna kowace waya. In ya sha zafi sai mudun ya buɗe, ya riƙa ba ka lamba ƙasa da gaskiya. Wannan gasuwa ba ta kwana ɗaya ba ce, ta yi wata uku ko huɗu." Ya juya murfin yana leƙa ramukan. "Amma ta ina? Nan ne hancinsa, kuma duk zuwan da na yi a buɗe yake. Wallahi I no understand. In na ce wa kwamiti zafi ne, za su ce in nuna musu inda ya fito."

Shekari ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. Ya ƙi babur, ya taho a ƙafa tun daga Samaru, ta Palladan, har Sabon Gari, cikin wannan rana. A gida ya tarar Keziya ta wanke rigar ta goge ta, ta ajiye a kan gado, don ta ɗauka za a kawo sabon akwati. Ya faɗa mata komai. Ta daɗe tana kallon furannin da ta zana.

"Baban Rhoda, rigar ni na ɗinka, ban musa ba. Amma ba ni na tsaya gaban mutane na ce tsoho ya kurumce ba."

"In na kai musu rigar nan, aikin ya tafi. Gidan nan ma na kamfani ne."

"To, Zonkwa ƙaura ta yi? Ka kai musu."

Bai kai ba a ranar, bai kai ba Lahadi, bai kai ba jiya. Ya zauna yana tsine wa akwati, yana kiransa maƙaryaci, mai fuska biyu, ɗan ganin ido, kuma duk sunayen sun dace da marigayi. Abin da ya hana shi barin maganar a nan shi ne, duk sunan da ya kira, sai ya ji akwai wani a ɗakin da zai iya amsawa.

Marigayi ya rasu ya bar injina biyu da rai, na ɗaya da na uku, waɗanda ba su nuna alamar sun yi rashi ba. Ya bar wayoyi goma sha shida suna reto a bayan tebur, har yanzu suna kawo labari ba mai saurare. Ya bar 'yan'uwansa tsofaffin mitoci da ya sa aka kora sito, an kuma ga an fito da su ranar Laraba ana hure musu ƙura ana ba su haƙuri. Ya bar littattafai tara cike da lambobi, na ƙarshen ƙarya ce zalla cikin kyakkyawan rubutu, kowane shafi da sa hannun Shekari. Ya bar fanka. Ya bar dattijo ɗaya a Dogarawa da hannu a naɗe, wanda maƙwabta suka fara rage murya in ya fito masallaci.

Ga yadda za a yi jana'iza. Jibi Alhamis da ƙarfe takwas na safe mai makoki zai ɗauko gawa daga Samaru a bayan kekensa. Za a tsaya da ita a ofishin kwamiti da ƙarfe goma, a ɗora ta a kan tebur sanye da rigarta ta karan-miski, yadda ta rayu kwana shida a kowane mako, domin Injiniya Ayodele ya ga abin da aka ɓoye masa, kwamiti kuma ya ga inda zafi ya fito. Mai makoki zai maimaita maganar da ya yi a kan kunnen Ɗanmalam, a gaban mutanen da ya yi ta, sannan ya janye ta. Zai ajiye farar riga da makulli kafin a tambaye shi. Daga nan za a wuce da marigayi juji na bayan sito, inda ake zubar da ruɓaɓɓiyar angurya. Ba limami, ba fasto, ba a buƙatar masu ɗaukar makara, hannu ɗaya ya ishe shi.

Ba za a yi zaman makoki a gidan Shekari ba, Keziya ta riga ta fara ɗaure kwanuka. Mai son yin gaisuwa ya tafi Dogarawa, ƙofar gidan Ɗanmalam Ahmadu, ya yi wa mai gidan sannu da hannu. A can zai tarar da mai makoki a kan dakali daga la'asar zuwa magariba. Ya je jiya, ya yi sallama sau uku, aka ce daga ciki mai gida yana hutawa. Zai koma yau, da gobe, da bayan kwamiti, har ranar da aka ce ya shigo. Ba a shimfiɗa masa tabarma ba, shi ma bai roƙa ba, don haka mai zuwa ya taho da abin zamansa.